Karsanar da ta Zaɓa Mini Dipulom

Cikin ranakun aikina duka, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da na fara shiga biro, wato ofishin Kwamandan mai mulkin Dakoro, idona ya faɗa kan wani hoto da aka liƙa a bango kusa da taga. Wani saurayi ne baƙi kamar ni, sanye da doguwar kwat har gwiwa, ya tsaya bisa wata gada a Faransa da littafi a hamata, yana kallon ruwa kamar wanda aka yi wa alkawari mai alkawarin bai zo ba. A ƙasan hoton an rubuta cewa gwamnati na neman masu lisans da za ta tura ƙaro karatun mulki. Na daɗe tsaye ina kallo, har Kwamandan ya yi gyaran murya ya tambaye ni ko na san mutumin ne. Na ce a'a. A zuciyata kuwa na san shi sarai, ni ne nan da shekara guda.

Ku da kuka tarar da ni ina shugabancin sashen kiwo kun ɗauka tun ina goye nake son dabbobi. Bari ku ji yadda aka yi.

Lokacin ba mu daɗe da samun mulkin kai ba, masu lisans, wato digirin farko, ba su da yawa a ƙasar. Tawa ta adabin Faransanci ce, a Dakar na yi ta. Da na dawo aka ba ni aji a kwaleji a Maradi, na koyar shekara ɗaya na ce ba zan iya ba. Dalilin da na rubuta wa ma'aikatar ilimi shi ne ina so in bauta wa ƙasa ta wata hanya. Dalilin gaskiya kuwa yana cikin ƙananan littattafan soyayya masu hotuna da ake shimfiɗawa a kasuwar Maradi, waɗanda na fi sani a kan littattafan da na ci jarrabawa da su. Na karanta su da yawa, ban ga ko ɗaya ba wanda malamin makaranta ya auri yarinyar. Kullum shi ne mai tari a gefe, ko wanda ake aikawa da saƙo. Don haka na nemi a aro ni ga sashen mulki kafin a buɗe guraben karatu, aka turo ni Dakoro a matsayin mataimaki a biro. Kafin in cika mako mutanen bariki sun sa mini suna Mushe Lisans, Mushe wato Malam da Faransanci, sunana na yanka, Lawali, ya ɓace.

Gurbi biyu aka buɗe a shekarar. Na farko shi ne na hoton: shekara biyu a Faransa, ka dawo da dipulom, wato takardar shaidar karatu, na mulki, a ba ka farar riga mai tambari a kafaɗa da mota da direba. Na biyu ko hoto ba a yi masa ba. Takarda ce da aka buga da keken rubutu aka maƙala bayan ƙofa. Dipulom ne na tattalin arzikin kiwo, abin da ya shafi rijiyoyi da wuraren kiwo da kasuwannin dabbobi da hanyoyin da shanu ke bi zuwa kudu. Makarantar tana wata ƙasa maƙwabciya, kuma rabin kowace shekara ɗalibi zai komo gida ya yi sitaj, wato koyon aiki a daji. Wanda ya fito daga adabi irina sai ya fara da watannin lissafi kafin a bar shi ya zauna da sauran. A ranar ban ma karanta takardar har ƙarshe ba.

Akwai kuma Hadiza, 'yar Alhaji Mati mai fataucin hatsi tsakanin Maradi da Katsina, wadda aka yi mana baiko. Na riga na tsara yadda za ta tsaya a tasha tana share hawaye da bakin gyale, da irin maganar da zan gaya mata ta tagar mota. Ita dai duk lokacin da muka haɗu tambayarta ɗaya, yaushe za a gama yaɓen ɗakin da za mu zauna.

Ƙa'idar ita ce, takardar neman gurbi ba ta tafiya Yamai sai shugabanka ya rubuta ra'ayinsa a kai ya sa hannu. Shugabana Kwamandan Isufu ne, tsohon malamin firamare da ya hau matakin aiki ɗaya bayan ɗaya, gajere, mai cin goro, wanda ke tuɓe takalmi a ƙarƙashin tebur ko da baƙi na nan. Yana da wata al'ada tasa: ba ya rubuta ra'ayi a kan ma'aikacin da bai taɓa kwana a daji ba. Da na kai masa takardata ta Faransa ya sa ta a aljihun tebur, ya ce ayarin allurar shanu zai tafi arewa bayan kasuwa, in bi su in riƙe musu rubutu, in na dawo mu yi magana.

Shekarun nan ana yaƙi da bushiya, ciwon da ke share garke cikin 'yan kwanaki. Aikin haka yake: a sanar da ardo, wato shugaban makiyayan yankin, ranar da za a zo, a tara shanu a bakin rijiya, a kora su cikin wani shinge na itace mai ƙuntataccen baki, a yi wa kowace allura, a ɗan yanki gefen kunnenta don a san an yi mata. Maganin cikin ƙanƙara yake tafiya, in ya yi zafi ya lalace, saboda haka da sassafe ake aiki. Shugaban ayarin Tanko ne, anfirme, wato malamin asibitin dabbobi, mutum mai dariya da dukan jikinsa. Ya dube ni da farin wando da karabat ɗaure a wuya, ya tambaye ni ko ɗaurin aure za mu.

A wata rijiya arewa da Bader Goula muka sauka wajen wani Bafillace dattijo mai suna Juli. Dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya ko da sa ya ƙwace. Da aka gama allura rana ta yi sanyi, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka ɗora shayi. Shanu na komawa da jan haske a bisa ƙahonninsu, mata na jan guga suna waƙa, ni kuma na ji kamar an buɗe mini shafi na tsakiya a littafi. A wannan hali nake Juli ya tambaye ni, cikin ladabi, wa ke yi mini kiwon nawa shanun tunda ina aikin bariki.

Da na ce ba ni da shanu na yi shiru, da yau wani labari kuke ji. Sai na dubi sararin sama na sauke murya. Na ce ni baƙo ne a duniya. Na ce ba ni da saniya, ba ni da tunkiya, ba ni da abin da zai yi kuka in na mutu. Iska ce danginmu, hanya ce gidanmu, dukiyata kaf zuciyata ce, ita ma wata ta riƙe. Kusan duk daga wani littafi na ɗauko, na mayar da shi Hausa nan take, kuma na ji daɗin yadda ya fito. Tanko ya sa rawani a baki yana tari. Juli bai yi dariya ba. Ya yi wa 'yan'uwansa magana da Fillanci, suka girgiza kai. Wata tsohuwa ta ƙaro mini nono ba tare da na nema ba. Na ɗauka fasahata ce ta taɓa su.

Ubana a lokacin yana raye a ƙauyenmu kusa da Maradi, da gonar gyaɗa da awaki da lafiyarsa.

Washegari muna ɗaure kaya bisa kamiyo, babbar motar ayarin, sai ga Juli da mutane kamar goma, yana jaye da wata jar karsana mai farin goshi. Ya sa igiyar a hannuna a gaban kowa, ya ce, "Ga ta, Mushe. Habbanaye ce. Namiji ba shi zama hakanan ba ko wutsiya ɗaya." Aka yi fatiha, aka shafa. Ni kalmar ban san ta ba, na ɗauka sunan karsanar ne. Na yi jawabin godiya mai tsawo, na kira shi uban marayu, na ce tarihi ba zai manta da shi ba.

Muna kan hanya, karsana ɗaure a bayan kamiyo tana zamewa duk lokacin da muka faɗa rami, na tambayi Tanko ko in na sayar da ita a kasuwar Dakoro za ta saya mini doguwar kwat. Ya sa direba ya tsaya don ya yi dariyarsa a ƙasa. Da ya gama ya share ido ya yi mini bayani. Habbanaye aro ne, irin wanda makiyayi ke yi wa mutumin da ba shi da komai don ya kafa garke. Za ka riƙe karsanar har ta haihu sau uku, 'ya'yan naka ne, sannan ka mayar da uwar ga mai ita da hannunka. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a dukanta. In ciyawa ta yi ƙaranci ita ake fara ba wa. Na tambaye shi haihuwa uku wata nawa ke nan. Ya ce in daina lissafi da wata.

Labari ya riga mu isa Dakoro, ban san ta wace hanya ba. Muna shiga bariki masu gadi suka fara yi mini ta'aziyyar iyayena. Kwamandan Isufu ya fito da kansa ba takalmi, ya zagaya karsanar, ya duba haƙoranta, ya ce Juli bai yi rowa ba. Sannan ya kira ni biro ya rufe ƙofa, ya fito da takardata ta Faransa ya ajiye a tebur.

Ya ce shi ba zai hana ni ba, yanzu ma zai iya sa hannu. Amma in san aikin Kwamandan a ƙasa irin wannan rabinsa shari'ar ɓarna ce, shanu sun shiga gona, manomi na kuka, makiyayi na rantsuwa. Ranar da aka ji mai shari'a yana da saniyar Bafillace a gidansa, babu manomin da zai ƙara yarda da hukuncinsa daga Korahane har Sabon Maci, ko da shekara goma ta wuce.

"In mulki kake so, ka maida mashi abinshi wanga sati," ya ce. "Amma ka sani, in ka maida ta ba ta haihu ba, ka ce mashi a gaban danginshi amanarshi ba ta kai ka riƙe ba. Shi ba zai ce maka komi ba. Arewa duka za ta ji."

Na tambaye shi shi me zai yi in shi ne. Ya ce shi ba ya gaya wa Fulani iska ce danginsu. Ya ƙara da cewa motar wasiƙu za ta tafi bayan kasuwa mai zuwa, takardar da ba ta shiga ba sai baɗi.

Na koma gida da karsana. Gidan ma'aikata ne mai ɗaki biyu da tsakar gida, ba a gina shi don saniya ba. Daren farko ta ƙi ci, ta yi ta kuka tana neman garke, na zauna kusa da ita ina lallashinta da Faransanci. A rana ta uku ta saba da ni har ta zura kai ta taga ta cinye rabin wani littafi da nake tsakiyar karantawa. Har yau ban san ko yarinyar ta auri matuƙin jirgin ba. Ni da ban taɓa ɗaukar ko guga ba na koyi sayen harawa da dusa, na koyi cire kaska, na fara gane ranar da take jin daɗi da ranar da ba ta ji.

Na je Maradi neman shawara, da fatan Hadiza za ta ce in tafi Faransa ko da zuciyarta za ta fashe. Alhaji Mati ya saurari bayanin dipulom biyun yana jan carbi. Bai tambayi wanne ya fi girma ba. Ya ce shi abin da ya gani, Kwamandan yau yana nan gobe an ɗauke shi zuwa inda matarsa ba ta jin harshen mutane, amma shanu tun yana yaro suke bin hanyar nan zuwa kudu, kuma bai ga ranar da za su daina ba. Ya ce amma karatu nawa ne, ni na san abin da kaina zai ɗauka. Hadiza kuwa da muka keɓe a zaure na fara yi mata maganar rabuwa da teku da kewa, ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta ce, "Ita saniyar, in ta haihu, nonon namu ne ko na mai ita?" Na ce namu ne. Ta ce to.

Duk da haka ban saki Faransa ba. Na yanke shawarar mayar da karsanar ranar kasuwar Dakoro, don na ji Juli zai shigo. Na shirya jawabi mai sa kuka, na maimaita shi a gaban madubi. Na same shi a kasuwar dabbobi yana tsugune ƙarƙashin wata ƙaya. Bai tambayi lafiyata ba sai da ya gama tambayar tata, tana ci, tana tuƙa, wa ke kai ta ruwa. Ya kwance wani ƙunshi ya ba ni kanwa in riƙa jiƙa mata. Ya kwance wani, man shanu ne a ƙaramar ƙwarya, ya ce wannan nawa ne, matarsa ta ce maraya ba shi da mai sa masa mai a tuwo.

Na buɗe baki in fara jawabin. Abin da ya fito shi ne, "Baffa, ubana yana da rai. Yana da awaki. Ni ma ina da albashi."

Ya ce ya sani, Tanko ya gaya masa tun daren, kafin ya zaɓi karsanar. Ya ce awakin na ubana ne, albashi kuma bai taɓa jin ya haihu ba. Mutumin da zai zauna gaban baƙi ya ce ba shi da abin da zai yi kuka in ya mutu, ko wasa yake yi, akwai abin da ya rasa. Ya miƙe ya ce rana na yi, yana da tafiya.

Na tsaya a kasuwar da kanwa a hannu ɗaya, man shanu a ɗaya. Daga nan biro na wuce, na ciro takardar bayan ƙofa na karanta ta har ƙarshe a karo na farko. Ba zan ce muku na ji kiran ƙasa ba. Na duba ne na ga wannan karatun kaɗai zai bar ni in dawo Dakoro rabin shekara, kuma ma'aikacin kiwo in yana da saniya ba wanda zai ce an saye shi. Na cika sabuwar takarda. A wurin ra'ayin shugaba Kwamandan Isufu ya rubuta cewa ɗan takarar bai san lissafi ba, amma yana da gogewa a fannin kiwo, kai ɗaya. Ya sa hannu, ta shiga motar wasiƙu. Ba a sha wahalar ba ni gurbin ba, don ban ji wani ya nema ba.

Watannin lissafin nan sun kusa kashe ni. Na zauna aji ɗaya da yaran da suka fito daga kimiyya, suna gama aiki ina kan layin farko. In na tafi makaranta Tanko ke sa karsanar cikin garken gari, in na dawo sitaj in karɓe ta. Bayan aurenmu Hadiza ta karɓi ragamar, ta kuma fi ni iyawa nesa. Haihuwar farko mace, ta biyu namiji, ta uku mace. Ranar da na mayar da uwar na bi al'ada, na kai ta da ƙafata tun daga inda mota ta tsaya, da goro da shayi da sukari. Ban yi jawabi ba. Da na juyo ta bi ni da kuka, ni ma na yi nawa a bayan kamiyo inda ba mai gani sai Tanko, wanda ya ba da labarin a kowace rijiya har ya yi ritaya.

Abin da na ɗauka daga wannan, kuma nake gaya wa duk wanda ya zo mini da takardu biyu yana tambayar wanne zai bi, shi ne ya bar kallon ranar da za a ba shi dipulom, ya tambayi da su wa zai wuni bayan an ba shi, kuma ko zai iya zama da su shekara talatin. Mutanen da na wuni da su suna ɗaukar magana da nauyinta. In ka ce za a gina rijiya, sun ji za a gina rijiya. Tun daga lokacin na koyi rage ado a bakina in ina bakin aiki, ko da yake a gida Hadiza ta ce ba ta ga bambanci ba.

Da babban fari ya zo bayan shekaru, garken Juli ya ƙare kusan duka, jar saniyar na ciki. Ina Maradi lokacin, na zama mataimakin shugaban sashe. Da damina ta dawo na zaɓi karsana mafi kyau cikin jikokinta na sa a mota na nufi arewa in kai masa habbanaye, ina ganin kaina a hanya, mai ceto ya iso a shafin ƙarshe, tsoho ya rungume shi. Na tarar da shi a bakin wata rijiya da ƙananan shanu kewaye da shi. Mutanen da ya taɓa ba wa aro, waɗanda suka gudu kudu da wuri suka tsira da wani abu, sun riga ni zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da karsanarsa, wasu da ƙafa daga nesa. Ni ne kusan na ƙarshe. Ya duba tawa, ya ce ta yi ƙiba irin ta 'yan birni, za ta sha wuya kafin ta koyi tafiya, amma ya karɓi igiyar aka yi fatiha.

Ya rayu har ya ga garkensa ya sake cika rijiya. Ya rasu yana tsoho ƙwarai a mashekarinsa arewa da Bader Goula, tawa ta haihu biyu ke nan. Bayan shekara guda babban ɗansa ya yi sallama a ƙofar gidana a Maradi da igiya a hannu. Ya ce ta yi ta uku, kuma tsoho ya bar wasiyya kada a aiko ta a mota, a kawo ta da ƙafa.